Murhun Gas Ya Ƙi Kamawa Ko Yana Baƙanta Tukunya? Yadda Ake Gano Matsalar Kafin A Nemi Mai Gyara

A Yelwa, Wara da Shanga, silindar gas ta daina zama kayan gidan masu hali kaɗai. Ɗalibai na da ita a ɗakunansu, masu shayi na dafa indomi da ita, amare kuma ana haɗa musu ita cikin kayan ɗaki. Itace da gawayi sun yi tsada, wutar lantarki kuma ba kullum ake samu ba, duk da cewa madatsar Kainji da aka kammala a 1968 tana ƙasan tafkin nan. Matsalar ita ce masu gyaran murhun gas ba su yawaita kamar masu gyaran waya ba. Wanda ke zaune a ƙauyen bakin ruwa ko a kan tsibiri, idan murhu ya ƙi kamawa da magariba, babu wanda zai kira.

A Ingila da wasu ƙasashe masu sanyi, yawancin gidaje suna da wata na'ura da ake kira boila, wadda ke ƙona gas ta dafa ruwa, ruwan ya zagaya cikin bututu ya ɗumama ɗakuna. A Yauri babu mai buƙatar ɗumama ɗaki a watan Afrilu. Abin da ake da shi a nan shi ne murhun girki, sai hitar ruwan wanka mai amfani da gas a wasu gidaje da masaukai. Amma dukkansu aikinsu ɗaya ne: gas ya zo daidai gwargwado, ya haɗu da isasshiyar iska, tartsatsi ya kunna shi. Kusan duk wata matsala tana komawa ga ɗaya daga cikin ukun nan. Wanda ya gane haka zai san inda zai fara dubawa, ya kuma san inda ya kamata ya cire hannunsa.

Mene ne a cikin silinda?

Gas ɗin girki haɗin iska biyu ne, butan da furofan. An matse su har sun koma ruwa, shi ya sa idan an ɗaga silinda ake jin abu yana motsi a ciki. Lita ɗaya ta wannan ruwan tana komawa kusan lita 250 ta iska idan ta fito. Saboda haka ba a cika silinda har baki. Ana barin kusan kashi 15 zuwa 20 cikin 100 domin ruwan ya samu wurin kumbura idan zafi ya taso. A yankin da zafin bazara kan haura digiri 40, wannan sararin yana da matuƙar amfani.

Abu biyu ne ya kamata a riƙe. Na farko, wannan gas ya fi iskar da ake shaƙa nauyi. Idan ya tsiyaya ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya: ƙarƙashin gado, cikin kwata, cikin rami, ko a gindin kwale-kwale. Na biyu, asalinsa ba shi da wari. Da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi domin hanci ya ji shi tun kafin ya taru. Wannan dabara ta zama doka a jihar Texas ta Amurka bayan fashewar gas a wata makaranta a garin New London a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu ɗalibai, saboda babu wanda ya ji warin komai.

Hanyar da gas ke bi

Daga silinda zuwa tukunya, gas yana ratsa wuri huɗu:

1. Bawul ɗin bakin silinda, wanda ke da 'yar roba a ciki da ke hana tsiyaya.
2. Rigileta, wato kan da ake maƙalawa a bakin silinda. Ita ce ke rage ƙarfin gas zuwa kusan milibar 30, gwargwadon abin da murhun gida ke buƙata.
3. Tiyo, da kilif ɗin da ke ɗaure shi a bakinsa biyu.
4. Murhu: makunni, ɗan ramin da gas ke fesowa wanda masu gyara ke kira nozul, bututun da gas ke haɗuwa da iska, sai bona mai ƙananan huji inda wuta ke ci.

Ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6 da ake ɗaura wa bona kai tsaye ba ta da tiyo, don haka wuraren dubawa sun fi kaɗan. A kowane hali, ana fara bincike ne daga silinda a bi zuwa bona, ba a tsallake ko ɗaya. Kamar waya ce da ta ƙi caji: ana duba soket, a duba kan caja, a duba igiya, kafin a ce wayar ce ta lalace.

Matsala ta 1: An murɗa makunni, ba ƙarar gas, ba wuta

A fara tabbatar da cewa akwai gas. A jikin hannun silinda akwai haruffan TW da lamba a gabansu. Wannan shi ne nauyinta idan babu komai a ciki. A ɗora ta a sikeli, a cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas. Misali, idan an rubuta 8.0 sikeli kuma ya nuna 8.2, gas ya ƙare. Idan babu sikeli, a zuba ruwa mai ɗan ɗumi a gefen silinda, a shafa da hannu daga sama zuwa ƙasa. Inda ƙarfen ya koma sanyi, nan ne iyakar ruwan gas.

Idan akwai gas, a cire rigileta a sake danna ta har ta zauna daram. A duba ko tiyo ya lanƙwashe ko an ɗora masa wani abu mai nauyi. Wasu rigiletocin suna da kariyar da ke datse gas idan ya fita da ƙarfi lokaci ɗaya, kamar idan an buɗe silinda alhali makunnin murhu yana buɗe. Maganinsa a rufe komai, a jira kamar minti ɗaya, a buɗe rigileta tukuna, sannan a kunna murhu.

Matsala ta 2: Gas na fitowa amma bai kama ba

A rufe makunni nan take, a jira iskar ta washe. Sannan a gwada da ashana: a ƙyasta tukuna, a kai kusa da bona, sai a buɗe gas. Idan ya kama, gas lafiya lau yake, tartsatsi ne babu.

Murhun da ke yin ƙas sau ɗaya idan an murɗa yana samar da tartsatsinsa da kansa, ba ya buƙatar batir. Wanda ke yin ƙas-ƙas-ƙas a jere kuwa batir yake amfani da shi ko wutar lantarki, kuma sau da yawa batirin yana ɓoye a ƙarƙashin murhun. A canza shi. A duba ɗan farin tsinken da ke gefen bona, wanda tartsatsi ke fitowa daga bakinsa. Idan kunu ko miya ta tafaso ta zube a kansa, ba zai yi aiki ba sai ya bushe. A goge shi da tsohon burushin haƙori, a bar shi ya sha iska.

Akwai kuma murhun da ke kamawa amma ya mutu da zarar an saki makunni. Irin wannan yana da wani ɗan ƙarfen tsaro a gefen bona, wanda sai ya ji zafi yake barin gas ya ci gaba da wucewa. A riƙe makunni a danne na kamar daƙiƙa 10 kafin a saki. Idan har yanzu yana mutuwa bayan an goge ƙarfen, ya gaji, sai mai gyara ya canza shi. Kada a yarda a cire shi gaba ɗaya, domin shi ne ke datse gas idan iska ta kashe wuta.

Matsala ta 3: Wuta ta koma rawaya, tukunya na baƙi

Lafiyayyar wutar gas shuɗiya ce, gajera, tsayayya. Idan ta koma rawaya, ta yi tsawo tana lanƙwasa kamar ta fitilar kwai, gindin tukunya kuma yana yin baƙi, to iska ce ba ta isa ba. Gas ɗin ba ya ƙonewa duka, kuɗi na tafiya a banza, kuma ana samar da guba a ɗakin.

A bakin tafkin Kainji, abubuwan da suka fi toshe hanyar iska sanannu ne. Ƙurar hunturu tana shiga bututu daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Zanzaro kan gina gidansa na laka a cikin bututun murhun da aka ajiye kwana biyu ba a kunna ba. Gizo-gizo na yin saƙa, kyankyaso na shiga. Man suyar kifi kuma yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙo a hujin bona.

Ga yadda ake yi: a rufe rigileta, a bar murhu ya huce. A cire bona a wanke da ruwan omo mai ɗumi, a bi kowane huji da burushi, a shanya ta bushe sarai. A haska cikin bututun, a fitar da duk abin da ke ciki. Nozul kuwa a hura shi ko a zura masa siririn zaren waya guda ɗaya a hankali. Kada a sa allura ko ƙusa, domin idan ramin ya ƙara faɗi, gas zai riƙa fita fiye da kima, wutar kuma ba za ta sake yin shuɗi ba. A wasu murhunan akwai ɗan marfi a bakin bututun da ake matsarwa don ƙara iska. A buɗe shi kaɗan-kaɗan har launin ya daidaita.

Amma ba kowane ja-ja a cikin wuta ne matsala ba. A lokacin hazo, ƙurar da ke yawo tana ƙonewa ta riƙa walƙawa ruwan lemo a saman shuɗiyar wuta. Idan gindin wutar shuɗi ne, tukunya kuma ba ta baƙi, babu abin gyarawa.

Wani dalilin da ba a cika lura da shi ba ya shafi murhu ɗan kwatano. Gidaje da yawa a Turai gas ɗin bututu suke amfani da shi, wanda ya bambanta da na silinda, kuma nozul ɗinsa ya fi faɗi. Idan aka haɗa irin wannan murhu da silinda ba a canza nozul ba, wuta za ta yi girma ta yi rawaya komai wankin da aka yi masa. Sai an sa nozul na gas ɗin silinda.

Matsala ta 4: Wuta na tsalle, tana gurnani ko tana fas

Idan wuta tana tashi daga jikin bona tana huci, ko iska ta yi yawa ko ƙarfin gas ya wuce kima. Wannan yakan faru idan an sa wa murhun gida rigileta mai ƙarfi irin ta masu abincin sayarwa. A koma ga rigiletar gida. Idan kuma wutar ta yi fas ta koma tana ci a cikin bututu da gurnani, a kashe nan take. Galibi marfin bona ne bai zauna daidai ba bayan wanki, ko nozul ya toshe rabi.

Matsala ta 5: Wuta ta yi ƙasa, silinda na gumi

Kafin ruwan gas ya koma iska sai ya ja zafi daga jikin silinda. Idan ana jan gas da yawa na tsawon lokaci, ƙarfen zai yi sanyi har ya yi raɓa, ƙarfin gas ya ragu, wuta ta yi ƙasa. Masu suyar kifi da masu tuya da babbar bona sun fi ganin haka, musamman da asubahin hunturu, domin butan yana daina komawa iska idan sanyinsa ya kai kusan digiri sifili. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a jihar Neja ta daɗe da ƙera tandar bandar kifi mai amfani da gas, kuma duk mai aiki da wuta na sa'o'i irin haka yana buƙatar babbar silinda. Maganin ke nan: a yi amfani da wadda ta dace da girman bona, ko a rage wuta a bar ta ta huta. Ba a kusantar da silinda ga wuta don ta ɗumama, ba a kwantar da ita, ba a jijjiga ta. Kwantarwa na tura ruwan gas cikin tiyo, sai wuta ta tashi lokaci ɗaya.

Matsala ta 6: Gas na saurin ƙarewa

Ana iya lissafin wannan da kalkuletar waya. Kilo ɗaya na gas yana ba da zafi kusan kilowat-awa 13. Bona mai kilowat 2, idan an ƙure ta, tana cin kusan giram 150 a awa ɗaya. Wato silinda mai kilo 6 za ta yi kusan awa 40, kwana 20 ke nan ga mai girkin awa biyu a rana. Mai kilo 12.5 za ta yi kusan kwana 40. Idan girki bai ƙaru ba amma gas ya ƙare a rabin wannan lokacin, ko ba a cika awo ba a wurin saye, ko akwai tsiyaya.

Na farkon, sikeli ne ke raba gardama: a auna kafin a zuba, a auna bayan an zuba. Na biyun kuma ruwan sabulu ne. A kaɗa omo ya yi kumfa, a buɗe rigileta murhu yana kashe, a shafa a bakin bawul, gindin rigileta, bakin tiyo biyu da tsawon tiyon duka. Inda kumfa ke hurowa tana girma, nan ne ɓarakar. Ba a taɓa neman tsiyaya da ashana ko leta. Tiyon da ɓera ya ci ko ya tsattsage canza shi ake yi, ba a naɗe shi da leda ko salatif. Tiyon ruwa kuma ba ya maye gurbin na gas. Idan kumfa na fitowa a bakin bawul, yawanci 'yar robar ciki ce ta mutu, masu sayar da gas suna canza ta.

Hitar ruwan wanka

Ita ce ta fi kama da boila. Ba ta kunnuwa sai ruwa ya ratsa ta da ƙarfi, don haka yawancin matsalolinta na ruwa ne, ba na gas ba. Idan an buɗe famfo ba a ji ƙas-ƙas ba, a canza manyan batura biyun da ke ƙasanta. Idan batir sabo ne, a duba ƙarfin ruwa: tankin da ba shi da tsayi sosai, ko wanda ruwansa ya yi ƙasa, ba ya iya tura ta. A bakin da ruwa ke shiga akwai 'yar raga. Ruwan rijiya ko na kogi yana cika ta da yashi da laka, musamman da damina. A kwance ta a wanke, a wanke kan shawa shi ma. Idan tana mutuwa ana tsakiyar wanka, sau da yawa ruwan sanyin da aka surka ne ya rage ƙarfin wanda ke ratsa ta.

Babbar doka a nan ita ce wurin kafa ta. Ba a sa hitar gas ko silinda a cikin banɗaki. A waje ake kafa ta, inda hayaƙinta zai fita sarari.

Gubar da ba ta da wari

Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba tana fitar da kabon monoksaid. Ba ya da launi, ba ya da wari, kuma jini yana kama shi fiye da yadda yake kama oksijin sau 200 ko fiye. Alamunsa ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa ake ɗaukarsa zazzaɓin cizon sauro. Bambancin shi ne babu zafin jiki, yakan kama duk waɗanda ke ɗakin lokaci ɗaya, kuma ana jin sauƙi idan an fita waje. Hatsarin ya fi yawa da hunturu, lokacin da ake rufe ƙofa da taga a yi girki a cikin ɗakin kwana. Wanda aka ga alamun nan a jikinsa a fitar da shi sarari, a kashe wuta, a kai shi asibiti mafi kusa.

Idan aka ji warin gas

1. A rufe rigileta, a kashe duk wata wuta, har da garwashi da maganin sauro na kunnawa.
2. A buɗe ƙofofi da tagogi.
3. Kada a taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa. Ba fanka, ba janareta.
4. Kada a kunna tocilar waya ko a cire caja daga soket a cikin ɗakin.
5. Idan silindar ce ke tsiyaya, a kai ta fili a tsaye, nesa da kwata, rijiya da murhun maƙwabta.
6. Sai an fita waje sannan a yi kira: lambar gaggawa 112 ko 'yan kwana-kwana.

Inda ya kamata a cire hannu

Wanki, canza batir, canza tiyo da gwajin sabulu duk mai gida na iya yi. Amma ba a kwance rigileta don gyara, sabuwa ake saye. Ba a taɓa bawul da sifana, ba a yi wa silinda walda, ba a juye gas daga wata zuwa wata a gida. A Ingila, tun 2009 doka ta ce sai mai rajista da Gas Safe ne zai yi sana'ar gyaran boila. A Nijeriya, hukumar NMDPRA da aka kafa ƙarƙashin dokar man fetur ta 2021 ce ke ba masu sayar da gas lasisi, hukumar SON kuma ta sanya shekara 15 a matsayin wa'adin silinda. Shekarar da aka ƙera ta tana rubuce a jikin hannunta. Wadda aka yi a 2010, wa'adinta ya cika a 2025.

A garuruwan bakin ruwa, gindin silinda ne ke fara mutuwa, saboda danshi da jiƙaƙƙen yashi. A riƙa karkata ta kaɗan ana duba tsatsa, a ajiye ta a kan katako ko bulo, a inuwa. A kan kabu-kabu ko a cikin jirgin ruwa, a tsaye ake ɗaure ta, an cire rigileta, nesa da injin da jarkar fetur.

Waya na da nata aikin a nan. A ɗauki hoton lambar TW da shekarar silinda. A rubuta ranar da aka zuba gas a kalanda, a sa tunatarwar gwajin sabulu duk lokacin da aka canza silinda. Idan kuma matsalar ta fi ƙarfin mai gida, a ɗauki gajeren bidiyon wutar da ƙararta a tura wa mai gyara ta WhatsApp, domin ya san kayan da zai riƙo kafin ya baro Yelwa.